Kafin Ku Sayi Kifin Kuhli

Ƙannena, maza da mata, masu sha'awar kiwon kifin ado a akwatin gilashi, maganata ta yau a kan wani ɗan kifi ce wanda masu sayarwa kan ce muku ba shi da wahala, alhali rabin gaskiya suka gaya muku. Sunansa kuhli. Siriri ne, dogo, bai cika wuce santimita 8 zuwa 10 ba, jikinsa ratsi-ratsi na baƙi da ruwan goro, yana bin ƙasan ruwa yana lanƙwasa har wanda bai san shi ba ya ɗauka ɗan maciji ne. Ba ya sara, ba shi da dafi, ba ya faɗa da kowa. Yana yini a ɓoye, sai duhu ya yi ya fito kiwo. Wannan ɓuya tasa ce ta sa nake so mu yi magana. Kifin da ke yawo a tsakiyar ruwa, in ya kwana da yunwa ko ciwo, gari na wayewa za ku gani a jikinsa. Kuhli kuwa sai ya yi wata guda yana ramewa a ƙarƙashin itace, mai shi yana wucewa kullum yana yaba kyan akwatinsa. Duk wanda zai riƙe shi sai ya koyi kula da abin da idonsa ba ya kai wa.

Asalinsa Kudu maso Gabashin Asiya ne: tsibiran Java da Sumatra da Borneo, da zirin ƙasar Malesiya, da Tailan da maƙwabtanta. Malaman ilimin halittu suna kiran danginsa Pangio, kuma an san fiye da iri 30 a cikinsu, wasu ma a Indiya da Bangaladash da Myanmar. Yawancinsu ba a manyan koguna masu ƙarfin gudu suke zama ba. Gidansu ƙananan ƙoramu ne na cikin kurmi, inda rassan itatuwa suka haɗe a sama har rana ba ta sauka sai ɗan kaɗan, ruwan yana tafiya a hankali, ƙasansa rairayi ne da laka da tulin ganyen da ya faɗo ya nutse. A dausayin Sumatra da Borneo akwai wuraren da ganye da itace suka shekara dubbai suna taruwa ba su gama ruɓewa ba, suka rina ruwan ya yi ja mai duhu, ya yi tsami ƙwarai, har ma'aunin pH kan sauka zuwa wajen 4, kuma kusan babu ma'adini a cikinsa. A cikin wannan tulin ganye kuhli ke zama, da yawa a wuri ɗaya, suna cusa kai suna neman tsutsa da ƙananan ƙwari. Duk shawarar da zan ba ku daga wannan wurin ta fito.

Ku san kuma cewa yawancin waɗanda ake sayarwa a duniya kamo su aka yi daga can. Masunta su kama, dillalai su tara, a ɗure su a leda da ruwa kaɗan da iskar oksijin, su bi ta kasuwannin kifin ado na Jakarta ko Bankok ko Singafo, su hau jirgin sama, kafin su iso hannun wanda zai sayar muku. Dausayin da suka baro kuma raguwa yake yi, ana janye ruwansa ana dasa kwakwar manja, ga gobarar daji irin ta 1997 da ta 2015 da suka cinye wurare masu faɗi a Sumatra da Borneo. Kifin da ya yi wannan doguwar tafiya bai cancanci a saye shi don gwaji ba.

Sunan da ake kiransa da shi na wani matashi ne Bajamushe, Heinrich Kuhl, masanin halittu, wanda ya isa Java a ƙarshen 1820 tare da abokinsa van Hasselt domin tattara tsuntsaye da kifaye da sauran halittu. Bai cika shekara a can ba ciwo ya kama shi, ya rasu a 1821 a garin da ake kira Bogor yanzu, bai kai shekara 24 ba. A 1846 masanin kifi Bafaranshe Achille Valenciennes ya bayyana wannan kifi a rubuce, ya sa masa sunan Kuhl. Har yau duk ɗan kifi mai ratsi irin wannan sai 'yan kasuwa su ce Pangio kuhlii ne. Masanan da suka bi diddigin dangin daga baya, musamman Maurice Kottelat ɗan Suwizalan, wanda shi da Kelvin Lim na Singafo suka fitar da babban nazari a kansu a 1993, sun nuna cewa ainihin kuhlii ɗan Java ne, kuma da wuya a gan shi a kasuwa. Wanda ke cikin shago galibi Pangio semicincta ne, na Sumatra da Borneo da Malesiya.

Yadda za ku gane shi ba wuya, in kun samu ya tsaya jikin gilashi. Ku dubi ratsin: baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa mai duhu, suna saukowa daga gadon baya su tsaya a gefen jiki, ba su zagaya ciki ba. Cikin fari ne fes ko ɗan ja-ja. Ratsin ba su da tsari ɗaya, wani ya rabu biyu, wani ya karkace, har da wuya a samu kifi biyu masu zane iri ɗaya, kuma wannan zai taimake ku daga baya wajen sanin wane ne ya fito wane ne bai fito ba. Akwai kuma babban ɗan'uwansa, Pangio myersi, na Tailan da ƙasashen kogin Mekong. Shi ya fi kauri, yakan kai santimita 10 ko ya ɗan wuce, ratsinsa faffaɗa ne suna sauka har kusa da ciki, ruwan goron da ke tsakaninsu kuwa siririn layi ne kawai. In kun ga kuhli mai jiki, wanda baƙinsa ya rinjayi jansa, ku fi zaton shi ne. Ƙaraminsu a kasuwa shi ne Pangio cuneovirgata, wanda bai wuce santimita 5 ba, ratsinsa gajeru masu tsini a ƙasa, kuma yana da 'yan gashi a bakin hancinsa, abin da waɗancan biyun ba su da shi. Pangio shelfordii na Borneo, mai sunan Robert Shelford wanda ya taɓa riƙe gidan tarihi na Sarawak, zanensa a wargaje yake, dabbare-dabbare maimakon ratsi.

Sai marasa ratsi. Wanda ake kira baƙin kuhli, wato Pangio oblonga, launinsa ɗaya ne daga kai har wutsiya, ruwan ƙasa mai ɗan ja, kuma masu kiwo da yawa sun shaida ya fi mai ratsi fitowa da rana. Ni in ƙanina zai fara, shi zan ce ya nema. Pangio anguillaris ya fi duka sirantaka da tsawo, ruwan toka ne mai ɗigo-ɗigo, yana son ya nutse cikin rairayi ya bar kai kawai a waje.

Kada rarrabe waɗannan ya hana ku barci. Kulawarsu kusan ɗaya ce, kuma wasunsu ko masana sai sun ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci. Abin da ya zama dole shi ne ku iya bambanta ɗan gidan Pangio da wanda ya yi kama da shi kawai, domin a nan ne ake asarar rayuka. Ɗan Pangio bakinsa ƙarami ne yana kallon ƙasa, da gajerun gashin baki kewaye da shi, kansa a dunƙule, idanunsa ƙanana a ƙarƙashin wata fata mai haske, fiffiken bayansa ɗan mitsitsi ne can baya kusa da wutsiya. In kun ga dogon kifi mai tsinin hanci da yake motsawa, babu gashin baki, da jerin ƙaya a gadon baya, wannan daga dangin Macrognathus ko Mastacembelus yake. Ana sayar da su suna ƙanana, amma wani yakan kai santimita 30, wani ma kusan mita guda, kuma suna cin ƙananan kifaye. Akwai Misgurnus na Sin da Japan da Koriya, mai ɗigo-ɗigo, wanda kan wuce santimita 20 kuma ya fi son ruwa mai sanyi. Akwai kuma namu na gida, Erpetoichthys calabaricus, mai sunan garin Kalaba, ɗan'uwan gwando, da ake kamawa a fadamun kudancin Nijeriya da Binin da Kamaru ana fitarwa waje. Kyakkyawan kifi ne, amma yana wuce santimita 30, da dare yake farauta, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne. Haɗa shi da kuhli a akwati ɗaya ba daidai ba ne, ko da mai sayarwa ya rantse suna zaman lafiya.

In kun je saye, kada ku yi sauri. Ku tambayi yaushe kifin suka iso, in jiya ne ko shekaranjiya ku ce za ku dawo bayan mako guda ko biyu, domin waɗanda wahalar hanya za ta kashe a wannan tsakanin suke mutuwa. Ku durƙusa ku dubi bayan kan kifin. Mai lafiya naman bayansa a cike yake, kai da jiki sun tafi daidai. In kai ya fi jiki faɗi, baya ya zama kaifi, yunwa ko tsutsar ciki ta riga ta ci shi, kuma da wuya ya tashi. Ku dubi gashin bakin ko sun gutsure, ku dubi fata ko akwai jan miki ko fararen ɗigo. Kodewar launi kaɗai ba ciwo ba ce, tsoro ne, kuma takan wuce in ya samu wurin ɓuya.

Guda nawa za ku saya? Kada su gaza 6, in da hali 8 ko 10. Na san aljihun ɗalibi, na san sha'awar a sayi ɗaya a gani tukuna. Amma kuhli ɗaya ko biyu za su shige ƙarƙashin wani abu ne su zauna cikin fargaba, ku yi wata ba ku gan su ba. In suna da yawa sai hankalinsu ya kwanta, su kwanta a jibge wani kan wani, kawuna suna leƙowa daga rami ɗaya, wani ya rataye a reshen ciyawa kamar ya mutu alhali hutawa yake yi. In kuɗin bai kai na shida ba, ku jira ya kai.

Akwatin kuwa faɗin ƙasansa ya fi tsayinsa muhimmanci, tunda a ƙasa suke rayuwa. Mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, wanda ke cin lita 55 zuwa 70, shi ne mafi ƙanƙantar da zan yarda da shi. Ƙaramin tulun gilashi mai zagaye da ake sa wa a kan tebur ba gidan kowane kifi ba ne, balle wannan. A ƙasa ku shimfiɗa rairayi mai laushi, kaurin santimita 3 zuwa 4, wanda kuka wanke a bokiti har ruwan ya fito garau. Ku murza shi tsakanin yatsu, in ya karce ku zai karce shi. Dalili shi ne yadda kuhli ke cin abinci. Ku zauna kusa wata rana ku kalla: yana cusa baki cikin rairayi, ya ɗebi loma, ya tace abin ci, sai ku ga rairayin yana fesowa ta kafofin numfashinsa na gefen kai. A kan tsakuwa mai kaifi ba zai iya haka ba, gashin bakinsa su cinye, cikinsa ya kurje, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Tsakuwar nan mai launi-launi da ake sayarwa don ado, ku bar ta a shago.

Bayan rairayi sai wurin ɓuya, kuma ku yawaita. Katangar tukunyar ƙasa wadda ba a taɓa dafa komai a ciki ba, an goge bakinta ya daina kaifi, tana yi. Ƙoƙon kwakwa da aka kankare aka tafasa aka huda masa ƙofa yana yi. Guntun bututun roba na ruwa yana yi, haka busasshen itacen da ya jiƙa har ya nutse. Sannan ganye. Masu kiwo a Malesiya da Indunusiya suna amfani da busasshen ganyen bishiyar da suke kira ketapang, wato Terminalia catappa, 'yar'uwar baushe, wadda ake shukawa don inuwa a garuruwa da dama na Afirka ta Yamma, mai manyan ganye da ke yin ja kafin su faɗi. Ku tsinci wanda ya faɗo da kansa ya bushe, daga inda ba a fesa magani ba, ku ɗauraye, ku saka uku ko huɗu. Zai rina ruwan kaɗan, ya ɗan sa masa tsami, kuma ƙananan halittun da ke taruwa a kansa abinci ne. Busasshen ganyen gwaiba ma ana sakawa. Ku ƙara da ciyawar ruwa mai yawo a sama domin ta rage haske. Wasu kan ce ai in an cika maɓoya ba za a ƙara ganin kifin ba. Akasin haka ake samu. Kifin da ya san akwai rami kusa da shi ko'ina ya juya, shi ne ke da ƙarfin halin fitowa fili da rana.

Yanzu maganar ruwa, kuma a nan nake roƙon haƙurinku fiye da ko'ina. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce. A akwatin da ya daɗe akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin soson matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, da kan rairayi, wasu suna mai da amoniya nitirait, wadda ita ma guba ce, wasu suna mai da nitirait nitiret, wadda ke da sauƙi kuma ana rage ta da canjin ruwa. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. A wannan tsakanin matata tana aiki, kuna ɗan jefa abincin kifi kaɗan ya ruɓe ya ciyar da su, babu kifi ko ɗaya a ciki. In kuna da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, ku roƙi guntun sosonsa ku saka a matatarku, zai rage muku jira. Kuhli kada ya zama kifin farko da zai shiga, domin ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, sun nutse cikin fata, kansa ma babu su sam, don haka gubar da wani kifi zai jure shi ba zai jure ba. Kayan gwajin ruwa na ɗigawa, masu nuna amoniya da nitirait da pH, sun fi kowane kayan ado amfani. Amoniya da nitirait su zama sifili, pH tsakanin 5.5 da 7.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, sai a sa masa maganin kashe kulorin kafin ya shiga. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana da ma'adini da yawa, za ku gane ta farin dattin da yake bari a cikin butar dafa ruwa. Irin wannan ana iya sirka shi da ruwan sama mai tsafta, wanda aka tara bayan ruwan farko ya wanke kwano. Amma kada ku shiga zuba sinadarai kuna kora lamba sama da ƙasa. Ruwan da bai cika daidai ba amma yana nan yadda yake kullum ya fi wanda ke sauyawa kowane mako. Duk mako ku zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo ku mayar da sabo mai zafi ɗaya da na ciki. Soson matata a ruwan da kuka zuƙe za ku matse shi, ba a bakin famfo ba, kuma sabulu ko omo kada su kusanci bokitin kifi.

Littattafan kiwon kifi galibi a ƙasashen sanyi aka rubuta su, shi ya sa suke ta maganar hita, wato na'urar ɗumama ruwa. Kuhli yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana da matsala biyu da marubutan nan ba su sani ba. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, ruwan akwati a ɗaki mai rufin kwano yana iya haura 33, kuma ruwa in ya yi zafi iskar da yake riƙewa raguwa take yi: a digiri 25 lita guda tana riƙe miligiram 8 da ɗoriya na oksijin, a 35 kuwa wajen 7 ne, alhali a lokacin jikin kifin ya fi bukata. Ku ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, ku sa fanka ta riƙa busa saman ruwan ta cikin murfin raga, ku rage abinci. Kada ku juye ƙanƙara a ciki, faɗuwar zafi farat ɗaya ta fi zafin illa. Da hunturu kuma sanyin asuba kan saukar da ruwan ƙasa da 20, a nan ne ƙaramar hita ke da amfani, ko a lulluɓe akwatin da bargo da dare. Ma'aunin zafi dai ya kasance a manne kullum. Matsala ta biyu ɗauke wuta. Matata in ta tsaya awoyi da yawa ƙwayoyin cikinta suna fara mutuwa. Shi ya sa na fi son matatar soso mai aiki da famfon iska, domin wutar da take ci kaɗan ce, ƙaramin batir ko sola ya ishe ta, ba ta tayar da igiyar ruwa, kuma ba ta da bakin da zai zuƙe kifi. Wanda ba shi da hanyar ba akwatinsa iska in an ɗauke wuta, ya fara tanadin wannan kafin kifi.

Abu ɗaya da ke kashe kifi a gidajenmu ba a lura ba shi ne maganin sauro. Sinadaran da ke cikin na fesawa da na kunnawa guba ne mai ƙarfi ga kifi, kuma famfon iska yana zuƙar iskar ɗakin ya tura ta cikin ruwa. In za a fesa, a kashe famfon, a rufe akwatin ruf, sai ɗakin ya sha iska a buɗe. Ku gaya wa kowa a gidan, har da mai shara.

Za ku ji ana cewa kuhli mai share datti ne, ba sai an ba shi abinci ba. Wannan magana ta kashe da yawa. Ba ya cin kashin kifi, ba ya cin gansakuka. Abincinsa tsutsa ne da ƙananan halittun ruwa, kuma a akwati sai abin da kuka saka. In akwai wasu kifaye a sama, za su cinye komai kafin ya kai ƙasa. Don haka a ba shi nasa bayan an kashe fitila: ƙwayar abinci mai nutsewa, ko jar tsutsar ruwa, ko tsutsar sauro da kuka tace daga ruwa mai tsafta, ko tana da aka wanke aka yayyanka ƙanana. Kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare kafin safiya. Kun san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rashin mafita. Sau ɗaya ko biyu a mako, bayan kun saka abinci da dare, ku ɗauki tocila mai rauni, ku rufe bakinta da jan leda, ku zauna ku ƙirga su, ku dubi bayan kowane. Wannan ƙirga ita ce rabin kiwon kuhli.

Abokan zamansa su kasance ƙanana masu sanyin hali, irin rasbora da ƙananan gurami na can yankinsu. Ban da karfasa da danginta, ban da tarwada komai ƙanƙantarta, ban da jan kifin nan na Sin mai son ruwan sanyi da yawan kashi.

Murfi dole ne, kuma kowace kafa a toshe, har inda waya da tiyo suka shiga. Kuhli yana bin kusurwar gilashi ya hau, musamman a daren farko. In matatarku mai zuƙa ce, ku sa wa bakinta soso, domin yana shigewa ta ramin da ba za ku yi zato ba. Ranar da kuka nemi ɗaya kuka rasa, ku duba cikin matata da bayan akwati kafin ku yanke ƙauna. Wajen kama shi kuma a yi hattara. A ƙarƙashin kowane ido yana da 'yar ƙaya da yake miƙewa in ya tsorata, tana sarƙewa a raga yadda ƙayar kurungu ke sarƙewa a koma. In hakan ta faru kada ku ja, ku mayar da ragar cikin ruwa ku bar shi ya kwance kansa. Ya fi kyau a kora shi cikin kofi ko kwalba.

In ciwo ya zo, wanda aka fi gani shi ne na fararen ɗigo, musamman bayan sanyi ya buge ruwa. Ku karanta takardar magani da kyau. Mai sinadarin jan ƙarfe a ciki ku guje shi, sauran kuma masu kiwo kan fara da rabin abin da aka rubuta saboda laushin fatarsa, tare da ƙara iska. Gishirin da masu kiwon tarwada ke zubawa a tafki ba na wannan kifi ba ne. Sabon kifi kuma ya yi mako 2 zuwa 4 a wani mazubi daban kafin ya shiga cikin tsofaffi.

Wata rana za ku ga dukansu sun fito suna zagaya gilashi sama da ƙasa ba tsayawa. Sau da yawa hakan na faruwa bayan canjin ruwa ko in hadari ya haɗo, domin danginsu suna jin sauyin nauyin iska, kuma ba komai ba ne. Suna kuma iya haɗiyar iska daga sama su sha ta ta hanji. Amma ruwa ba ya tsami banza: in zagayen ya wuce yini, ko suna ta zuwa sama suna haɗiyar iska, ku gwada ruwan nan take, ku duba zafinsa, ku canza kashi ɗaya cikin uku.

Bambanta mace da namiji sai sun girma. Namiji fiffikensa na ƙirji ya fi girma, da ƙashi ɗaya mai kauri a ciki. Mace ta fi cika, kuma in ta ɗauki ƙwai za ku hango su kore ta cikin fatar cikinta. Haihuwa a akwati ba ta cika faruwa ba. Inda ta faru, ma'auratan kan hau sama su zuba ƙwan a cikin saiwar ciyawa mai yawo, mai akwatin bai sani ba, sai bayan makonni ya ɗaga ganye ya ga 'ya'ya. Akwatin da ya tsufa, mai ganye da yawa, wanda ba a cika dagula shi ba, shi ke ba da wannan.

Kuhli da aka kula da shi yana kai shekara 10, wani ya wuce. Wanda ya saya yana aji uku na sakandare zai iya gama jami'a kifin na nan. Don haka tun yanzu ku san wa zai riƙe muku in kun tafi makarantar kwana ko bautar ƙasa, ku koya masa ciyarwar dare da canjin ruwa tun kuna nan. In riƙon ya gagara, ku ba wani mai kiwo ko ku mayar wa mai shago. Kada a zuba shi a rafi ko kududdufi ko dam. Misgurnus da aka saki haka a Ostareliya ya bazu a kogunansu har gwamnati ta hana shigo da shi. In kuma tashi za ku yi da akwatin, ku kwashe itace da tukwane ɗaya bayan ɗaya kuna girgiza su a cikin ruwa, ku rage ruwan, ku bi rairayin da yatsu a hankali, kuma kada ku zubar da shi sai lissafin kifinku ya cika.